Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Rikicin Tekun Kudancin Sin

Zuwa ga Mai Girma António Guterres,
Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na rubuto maka ne a kan hukuncin da wata kotun sasanci ta yanke a birnin Hague ranar 12 ga Yuli, 2016, a ƙarar da Filifin ta kai Sin kan Tekun Kudancin Sin, wanda har yau yake kwance a takarda, da kuma abin da kwanciyar tasa ke jawowa ga duk ƙasar da ba ta da manyan jiragen yaƙi. Abin da ke zuwa kunnuwanmu daga ofishinka duk lokacin da aka yi arangama a Tekun Kudancin Sin shi ne kira ga ɓangarori su kai zuciya nesa. Kiran bai yi laifi ba, sai dai ya yi kaɗan, domin ɗaya daga cikin ɓangarorin ya je kotu ya yi nasara, ɗayan kuma ya ce kotun ba ta isa ba.

Ka fi ni sanin dokar da ake magana a kanta. Yarjejeniyar Dokar Teku da aka sa wa hannu a Montego Bay a 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku mil 12 na ruwa a matsayin mallakinta, sannan ta ba ta mil 200 da kifin cikinsa da man ƙarƙashinsa nata ne ita kaɗai. Sashe na 121 ya ƙara da cewa dutsen da ɗan Adam ba zai iya rayuwa a kansa ba, ba ya jawo wa mai shi wannan mil 200. Filifin ta amince da yarjejeniyar a 1984, Sin ta amince a 1996, babu wanda ya tilasta mata. Amma a 2009 sai ga Sin ta aiko wa Majalisarka taswira mai ɗauke da gajejjerun layuka tara da suka kewaye mafi yawan tekun, har suka kusa taɓa gaɓar Filifin da Malesiya da Burunai da Biyetnam. Asalin zanen na 1947 ne, lokacin yana da layuka sha ɗaya, kuma har yanzu Beijin ba ta fito ta faɗi takamaiman inda kowane layi ya tsaya da abin da take nufi da ruwan da ke cikinsa ba.

A 2012 jiragen Sin suka kankane tudun murjani na Scarborough, mai tazarar kusan mil 120 daga tsibirin Luzon na Filifin. Manila ba ta da ƙarfin ƙwato shi, sai ta yi abin da ku da kanku kuke roƙon ƙasashe su yi: ta shigar da ƙara a Janairun 2013. Sin ta ƙi halarta, tana kafa hujja da sanarwar da ta yi a 2006 cewa ba ta yarda a kai ta kotu kan shata iyakar ruwa ba. Alƙalan sun saurari wannan hujja duk da mai ita ba ta zo ba, suka ce ƙarar ba ta shata iyaka ba ce, kuma suka yi taka-tsantsan ba su ce uffan kan wanda ya mallaki tsibiran ba. Abin da suka yanke shi ne layukan tara ba su da tushe a doka, kuma a duk tsibiran Spratly babu ko ɗaya da ya kai ya jawo mil 200, har da Itu Aba mafi girmansu da ke hannun Taiwan. Sun kuma ce Sin ta yi wa murjanin teku mummunar ɓarna, ta hana masuntan Filifin su a Scarborough ba bisa ƙa'ida ba. Beijin ta ce hukuncin banza ne.

Tun ana cikin shari'ar ma jiragen yasa suna aiki. Daga 2013 zuwa 2016 an tono yashi daga ƙasan teku an zuba a kan murjani mai rai har aka samar da fili fiye da eka 3,000, aka shimfiɗa titunan saukar jirage masu tsawon kusan mita 3,000 a Fiery Cross da Subi da Mischief. A Satumbar 2015 Shugaba Xi Jinping ya tsaya a Fadar White House ya ce ƙasarsa ba ta da niyyar girke soja a wuraren. Yau akwai na'urorin hangen jirage da rumfunan jiragen yaƙi a kansu. Biyetnam ta ga abin da ya faru, ita ma ta duƙufa tana cike nata wuraren da yashi. Ina ganin laifinta a kan murjanin da take binnewa, amma ban ga inda za ta koyi wani darasi daban ba, bayan ta ga wanda ya yi gini ya zauna daram, wanda ya je kotu kuma ya dawo da takarda.

Kada a ce duwatsu ne kawai ake rigima a kansu. An zubar da jini a wannan teku. A Janairun 1974 Sin ta ƙwace tsibiran Paracel daga Biyetnam ta Kudu da bakin bindiga. Ranar 14 ga Maris, 1988 aka kashe sojojin Biyetnam 64 a Johnson South, da yawansu suna tsaye cikin ruwa a kan tudun murjani ba su da wurin ɓuya. A tudun murjani na Second Thomas kuwa, tun 1999 Filifin ta sa wani tsohon jirgi na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu mai suna Sierra Madre ya kafe a wurin da gangan, ta ajiye 'yan sojoji a cikinsa, tsatsa tana cinsa, abinci da ruwan sha sai an kai musu. Ranar 17 ga Yuni, 2024 dakarun tsaron gaɓar tekun Sin suka tare kwale-kwalen kai kayan ɗauke da wuƙaƙe da gatura, wani sojan ruwan Filifin ya rasa babban yatsansa. Makonni kaɗan kafin nan Shugaba Marcos na Filifin ya faɗa a Singafo cewa idan aka kashe ɗan ƙasarsa da gangan, abin ya yi kusa ƙwarai da shelar yaƙi. Tsakanin Manila da Washinton akwai yarjejeniyar kare juna tun 1951. Da gatarin nan ya sauka a wuya, da yanzu ƙasashe biyu masu makaman ƙare-dangi, Amurka da Sin, ne ke kallon-kallo a kan ruɓaɓɓen jirgi.

Ban rubuto don in wanke Amurka ba. Tana turo jiragen yaƙinta su ratsa kusa da waɗannan tsibirai da sunan kare 'yancin zirga-zirga a teku, tana karanta wa Sin dokar da Majalisar Dattawanta ta ƙi amincewa da ita har yau. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A 1986 Kotun Duniya ta same ta da laifin dasa nakiyoyi a tashoshin ruwan Nikaraguwa, ta yi watsi da hukuncin, da maganar ta je Kwamitin Sulhu ta hau kujerar na-ƙi. Rasha ma ta ƙi zuwa gaban kotu a 2013 kan jirgin masu fafutukar kare muhalli, Arctic Sunrise, da ta kama. Birtaniya ta kwashe mutanen Chagos daga tsibiransu don a gina sansanin soja na Diego Garcia, ta shafe shekaru tana toshe kunne bayan ra'ayin Kotun Duniya na 2019 da ƙuri'u 116 na Babban Zaure, kafin ta sauko ta sa hannu da Mauritius a 2025. Ina kuma fahimtar fargabar Sin: ƙasa ce da aka taɓa shigo mata ta teku aka ci zarafinta, tana ganin sansanoni tara da Filifin ta buɗe wa sojojin Amurka, ba ta kuma manta matuƙin jirginta da ya mutu a karo da jirgin leƙen asirin Amurka kusa da Hainan a 2001 ba. Amma masuncin Luzon da ake fesa wa ruwa mai ƙarfin fasa katakon jirgi bai ci mata komai ba, kuma ba shi ya kamata ya biya wannan bashi ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya fi ci mini rai. Akwai ƙasashen da suka haɗiye hukunci mai ɗaci saboda an ce musu haka doka take. A Disambar 2002 Kotun Duniya ta ba Malesiya tsibiran Sipadan da Ligitan, Indunusiya ta haƙura. A Oktoban shekarar kotun ta ba Kamaru yankin Bakassi, alhali Najeriya ta fi ta yawan soja da jama'a nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan mazauna wurin masuntan Najeriya ne. Wannan hukunci bai aiwatar da kansa ba. Kofi Annan, wanda ya zauna a kujerar da kake kai, shi ya haɗa Obasanjo da Biya tun kafin a yanke hukuncin, ya sake haɗa su a Janeba bayansa, ya kafa kwamitin haɗin gwiwa, ya bi maganar shekara huɗu har aka sa hannu a Greentree a Yunin 2006, aka miƙa yankin a Agustan 2008. Dubban mutane sun bar gidajensu, wasu har yau ba su sami matsuguni na kirki ba. Me za ka ce wa waɗannan mutane idan suka tambaye ka dalilin da ya sa dokar da ta tashe su ta kasa tashin jirgi ɗaya daga bakin Scarborough? Kuma wace ƙasa ce gobe za ta yarda ta kai rigimar iyakarta kotu?

Na san Sin tana da kujerar na-ƙi, na san Kwamitin Sulhu ba zai motsa ba. Annan ma ba da ƙudurin Kwamitin Sulhu ya yi nasa aikin ba, da ƙimar ofishinsa ya yi, da naci. Roƙona na farko shi ne ka ambaci hukuncin 2016 da bakinka, ka ce ya hau kan ɓangarorin biyu kamar yadda yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta tanada, kuma a zama ɗaya ka ce wa Amurka ta amince da Dokar Teku kafin ta ƙara yi wa wani wa'azi da ita. Faɗin su tare shi zai hana a ce ka bi wani ɓangare.

Bayan haka ka fara da kifi. Maganar wanda ya mallaki Scarborough za ta iya ɗaukar shekaru hamsin, amma kotun ta riga ta ce wurin su ne na gargajiya ga masuntan Filifin da na Sin da wasunsu, don haka buɗe shi ga kowa ba zai sa wani ya sarayar da iƙirarinsa ba. Sin ta taɓa yin irin wannan: a 2000 ta shata iyakar Mashigin Tonkin da Biyetnam, suka haɗa da yarjejeniyar kamun kifi. A Yulin 2024 ma, bayan yatsan sojan nan ya tafi, ta cimma fahimtar wucin gadi da Manila kan kai kaya Sierra Madre. Ashe ana iyawa, sai dai ana jira sai an ji wa wani ciwo. Ƙungiyar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, ASEAN, da Sin sun yi alƙawarin samar da ƙa'idojin zama lafiya a tekun tun 2002 a Phnom Penh, fiye da shekara ashirin ke nan ana zaman tattaunawa, kifi yana ƙarewa, manyan kawa da ake fasa murjani don haƙo su sun kusa ɓacewa daga wasu wuraren. Ka naɗa wakili na musamman da aikinsa kawai ya zama wannan: lokacin su, yawan jiragen da za su shiga, hana fasa murjani, da layin waya da ake ɗauka da gaske idan jirage sun yi kusa da juna.

Idan aka ƙi sauraron wakilin, sashe na 99 na Kundin Majalisa yana hannunka, wanda ya ba ka ikon kai duk abin da ke barazana ga zaman lafiyar duniya gaban Kwamitin Sulhu. Ka yi amfani da shi a Disambar 2023 kan Gaza, bayan an riga an binne dubbai. A wannan karon ina roƙonka ka yi amfani da shi tun kafin a fito da gawar farko daga ruwa.

Allah ya taya ka riƙo. Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai bibiyar al'amuran teku.