Masu sayen kan injin gazuwal na gwanjo, ku duba kamshaf kafin ku biya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili a jaridarku domin jan hankalin masu tsofaffin motocin gazuwal a Damagaram, musamman Hilux da Hiace masu inji 3L ko 5L, da Land Cruiser mai 1HZ da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas. Kamshaf shi ne sandan ƙarfen da ke buɗe bawulolin inji, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi. Da yawa daga cikin kamshaf ɗin da ke karyewa a waɗannan motoci ba tsufa ke kashe su ba. Ƙananan kayan da suka ɓace ne tun wajen saye, aka cike gurbinsu da abin da aka samu.

Kan injin gwanjo, wato sashen saman inji inda kamshaf da bawul suke, ko daga Kwatano ya zo ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, sau da yawa ya sha kwancewa kafin ya iso. Abin da ya fi ɓacewa shi ne marufan da ke danne kamshaf. Kowane marufi yana da lamba da kibiya mai nuna gaban inji, kuma tare da kan injin aka huda shi a masana'anta. Na wani kan inji ba ya zama daidai, ko da ido ya ce ya zauna. In ya matse, mai ba ya ratsawa, ƙarfe ya yi zafi ya cije, kamshaf ya tsinke biyu. Kusoshin marufan kuma kaɗan-kaɗan ake ɗaure su, zagaye bayan zagaye. Wanda ya ɗaure guda tam ya bar saura, ya lanƙwasa kamshaf da hannunsa.

Sai faifan ƙarfen da ke zama bisa kowane bawul: 8 a injin 3L, 12 a 1HZ, kowane da kaurinsa, kuma kaurin ne ke daidaita tazarar da ke tsakaninsa da kamshaf. Mai sayarwa yakan zuba su cikin leda ɗaya, wai ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A 3L, da inji a sanyaye, tazarar bawul na shigar iska milimita 0.20 zuwa 0.30 ce, na fitar hayaƙi 0.40 zuwa 0.50. Tazara ta yi yawa, za a ji ƙas-ƙas, tozon kamshaf yana cinyewa. Ta yi kaɗan, bawul ba ya rufewa, ya ƙone, mota ta ƙi tashi da safe. A duba har ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe fulin kamshaf, wato faifan da bel ke juyawa. Ƙarami ne, shi ya sa ake mantawa da shi.

Bel na taimin, wanda ke juya kamshaf daidai da tafiyar fistin, a canza shi a kilomita 100,000, tare da abin da ke ɗaure shi. Masu kashe fitilar T-BELT, mai tunatar da canjin bel, ba tare da canji ba, su sani: in bel ya tsinke, fistin ne zai doki bawul.

Ga kuma baƙin mai. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna mai da shi kunu, ya toshe ramin da ke kai shi sama, kuma kamshaf ne na ƙarshe da mai ke isa gare shi. Juyen mai a kilomita 5,000 tare da matatarsa ya fi dacewa da hanyoyinmu.

Bayan haɗawa, a shafe kamshaf da mai, a juya inji da hannu sau biyu cikakku, a tabbatar alamomin taimin sun dawo mazauninsu, sannan a murɗa makulli.

Wasu kanikawan gazuwal,
Damagaram