A faɗa mana yadda aka haɗa fim ɗin, ba auren 'yan wasa kawai ba

Assalamu alaikum malam edita, barkanku da aiki. Ina sauraren filinku na fina-finai kowane sati kuma ina jin daɗinsa, amma gaskiya labarin wa ya auri wa, wa ya saki wa, ya yi yawa, alhali akwai abin da ya fi shi amfani wato yadda ake haɗa fim ɗin kansa.

Ga misali Columbo, ɗan sandan cikin nan na Amurka da dattawanmu suka sani a tele da Faransanci, har yanzu a fadarmu in aka ɗora shayi aka kunna shi a waya sai an yi ta dariya. Kwat ɗin nan duk ya yamutse da bai rabuwa da shi, na ɗan wasan da ya fito a Columbo ne, Peter Falk shi kansa, daga gida ya zo da abinsa. Kallon nan nasa kamar ido ɗaya ya kauce ma ba wasa ba ne, ciwon daji ya sa aka cire masa idon dama yana ɗan shekara 3 aka sa na gilashi. Motar Columbo kuma Fijo 403 ce, Falk ne ya zaɓe ta, kuma mu nan Damagaram ai ba sai an yi mana bayanin tsohuwar Fijo ba, duk wanda ya taɓa tura ta da safe ya san halinta, da ganinta ka san irin mutumin da ke ciki, shi ya sa masu kuɗin da suka yi kisan suke raina shi har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce saura tambaya guda. Matar Columbo kullum tana bakinsa amma ba a taɓa nuna ta ba.

Kuma mutum nawa suka san Steven Spielberg, babban daraktan nan na Amurka, shi ne ya ba da umarnin wani kashi na Columbo a 1971 yana da shekara 24, tun kafin ya yi suna?

Yaranmu na Birni da Zango masu ɗaukar wasan barkwanci da waya kullum kukansu ba kuɗi ba kayan aiki, wallahi abin yana damuna, don su suka fi buƙatar jin irin wannan. Don Allah ku ware ko minti 10 a filin, ku haɗa har da na Kannywood, ku gayyato masu ɗaukar hoto da marubuta su yi bayani da bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.
Mai saurarenku daga unguwar Birni, Zinder