Zuwa ga aminina, a kan rana da lissafin shekara goma

Kaduna,
tsakiyar hunturu.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan hazo ne ya sauko sosai. Da safe idan na biyo ta gadar Kawo zan tafi makaranta, sai in ga rana fara sol kamar faifai, ba zafi ba haske. Ɗalibaina har ƙura mata ido suke yi, ina ta faɗa da su kada su kashe idonsu.

Rahoton da ka turo, na tsarin da Amurka ta yi na binciken rana da sararin samaniya na shekara goma, ya iso. Mako biyu na yi ina bin sa kaɗan-kaɗan a waya bayan isha'i, har maiɗakina ta ce ko kishiya aka yi mata. Ka ce in faɗa maka ra'ayina tsakani da Allah, to ga shi.

Kumbunan da suka lissafa ba su ne suka fi tsaya mini a rai ba. Yadda aka yi zaɓen ne. NASA da takwarorinta sun miƙa wa majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka aiki, masu bincike suka aiko da ɗaruruwan takardu, kowa na yabon gwaninsa, aka zauna aka tankaɗe aka rairaye. A Disambar 2024 aka fito da jeri guda na abin da za a sa a gaba daga 2024 zuwa 2033, kuma karo na uku ke nan da suke yin haka a wannan fanni. Ka duba fa, mutum ya kwashe rabin rayuwarsa yana mafarkin wata na'ura, abokan aikinsa su ce masa ba yanzu ba, ya haƙura ya bi layi. Mu da ko rabon ɗakin gwaji sai an kai ruwa rana!

Manyan zaɓinsu sun yi mini. Akwai ayarin taurarin ɗan'adam fiye da ashirin da za su riƙa auna garkuwar maganaɗisun duniya a wurare da yawa lokaci guda, don mai ma'auni ɗaya kamar mai leƙen kasuwar Bacci ne ta ramin makulli. Sai kumbon da zai zagaya rana ta kanta da gindinta ya ɗauko hoto. Wannan ya fi jan hankalina, tunda duk shekara 11 maganaɗisun rana yakan juya, arewa ta koma kudu, kuma a can ƙuryoyin ne ake ganin alamun ƙarfin zagaye na gaba. Wani kumbo mai suna Ulysses ya bi ta can tun shekarun 1990, amma ba shi da kyamara. Ba su manta da ƙasa ba, sun ce a sabunta GONG, tashoshin kallon rana shidan nan da aka baza a duniya don kada rana ta faɗi musu gaba ɗaya.

Wani malami a ofishinmu ya ce duk wannan wasan masu ƙoshi ne. Na ce masa a Maris 1989 guguwar rana, wato burbushin lantarki da rana ke fesowa ya hargitsa maganaɗisun duniya, ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada, mutum kusan miliyan 6 suka yi awa 9 a duhu. Ya yi dariya ya ce awa tara kacal? Ban ga laifinsa ba. Amma na ƙara masa da cewa a Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam na Starlink 49, wata 'yar ƙaramar guguwa ta kumbura iskar sama, 38 suka faɗo suka ƙone. A Mayun 2024 kuma manoman Amurka sun ajiye taraktocinsu ana tsakiyar shuka saboda wata babbar guguwar rana ta rikita GPS. Nan ya ɗan yi shiru.

Ka tuna rediyon Baba? Yadda yakan kama Kaduna a mita 49 can ƙauye, da magariba muryar mai labarai ta riƙa tafiya tana dawowa, shi kuma yana murɗa eriya yana tsaki? Ashe ayonosfiya, wato iskar can sama mai ɗauke da lantarki wadda ke dawo da saƙon rediyo ƙasa, muke saurare ba mu sani ba. To a nan maganata take. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya ratsa, ba shi da nisa da mu. Da rana akwai wani kogin lantarki da ke gudu gabas a saman kanmu, wajen kilomita 100. Bayan faɗuwar rana kuma sai wasu kumfa su tashi a can sama su hargitsa saƙon GPS, wanda matuƙan jirgi da masu awon fili suka dogara da shi. Bature sai ya yi tattaki kafin ya auna wannan. Mu a tsakar gidanmu yake.

Don haka da za a tara mu a ce mu tsara namu na shekara goma, ba zan fara da kumbo ba. Muna da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, mun harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, akwai cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba, Jami'ar Ilori ma ta daɗe tana auna ayonosfiya. Abin da zan roƙa shi ne ƙananan ma'aunai a jere daga Legas zuwa Katsina, kowanne da sola da batir da mai kula da shi wanda ake biya a kan kari, a bar su suna aiki dare da rana har rana ta kammala zagayenta. Matsalar ita ce zagayen shekara 11 ne, gwamna kuwa ko ya zarce takwas gare shi. Afirka ta Kudu ta iya, tun 2022 cibiyarsu ta garin Hamanus ke sa ido a kan guguwar rana awa 24.

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya ne saboda na gani da idona. Ka san ma'aunin maganaɗisun nan da aka ba wani sashe kyauta lokacin ina karatun digiri na biyu? Na leƙa kwanaki. Yana nan lafiya lau cikin akwatinsa, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi saƙa a kan wayoyin. Batirin inbata ne ya mutu, aka rubuta takarda, takarda ta shiga ofis ba ta fito ba. Guguwar Mayun 2024, wadda ba a ga irinta ba tun 2003, ta zo ta wuce bai rubuta ko layi ɗaya ba. Wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Ina da roƙo. Ka tambayi malaminka ko suna da tsohuwar na'urar karɓar GPS da suka daina amfani da ita, irin mai auna rawar sigina. Akwai wuri a rufin ɗakin gwajinmu, na riga na yi magana da shugaban makaranta, batir kuwa ni da yaran kulob ɗin kimiyya za mu yi karo-karo. In da hali ka taho da ita da babbar sallah.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce yajin da ta aika ko ya isa? Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
amininka na Kaduna.