Baba Sajan Zai Ajiye Aiki

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko zaman Jidda ne ya mantar da kai mu masu baƙin mai a hannu?

Baba Sajan, makanikinmu na jiragen sojan sama, zai yi ritaya bayan babbar salla, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ka dai san shi. Inji na ruri, zai karkata kai, ya ɗan lumshe ido, ya ce a duba famfon mai. A buɗe, a tarar haka ne. Wannan sanin babu shi a littafin gyara. Yaran da ake turo mana sun yi karatu, amma in matsala ta taso sai su yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya har Allah Ya sa a dace.

Shi ne oga ya ce in zauna da Baba, in kwashi abin da ke kansa a zuba a kwamfuta: in ka ga kaza duba kaza, in ba shi ba ne koma kan kaza. Wasu sun daɗe da yin haka. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Pittsburgh ta haɗa wa sojan saman Amurka manhajar Sherlock, mai koyar da masu gyaran na'urar gwajin kayan lantarkin jirgin F-15. Awa 20 zuwa 25 a kanta ta kai sabon hannu kusa da wanda ya riga shi aiki da shekara 4. Sojan ƙasansu ma suna da manhajar TED mai gano matsalar injin tankar Abrams. Mu sojan saman Najeriya da muka karɓi jiragen Super Tucano 12 a 2021, ga tsofaffin Alpha Jet har yanzu suna tashi, me muke jira?

Af, Dogo ya ƙara aure, 'yar Zariya ce. Ya ce in tuna maka gudummawa ba ta tsufa.

Wahalar dai Baba. In na ce ta yaya ya gane, sai ya harare ni: "Kai ba ka ji ƙarar ba?" Ƙara kuwa ba ta rubutuwa. Yanzu na nemi izini ina naɗar kukan injin, in kunna masa, in tsayar, sai ya nuna daidai inda sautin ya sauya. Haka muke tsinta kaɗan-kaɗan, ga salla na ƙaratowa.

Kai ka fi ni daɗewa a hannunsa. Don Allah duk abin da ka tuna yana faɗa kan birki da tayoyin sauka, rubuto mini, ko cikin saƙon murya ne.

A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.