Sanarwa kan ziyarar kwarin Gongola

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai ƴan wannan rukuni. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, za mu fita daga Gombe zuwa Dadin Kowa domin ganin kwarin Gongola da idonmu, kuma ina roƙon kowa ya karanta wannan kafin tafiya.

Fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta nutse a wannan yanki, sai koguna suka riƙa kwaso yashi da tsakuwa daga tuddai suna cike ramin, har suka dunƙule suka zama dutsen yashin da ake kira da sunan Dutsen Bima. Daga baya teku ya shigo, ya bar farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka. A ganina abin da ya fi cancantar lura shi ne aikin bai tsaya ba, domin duk damina kogin Gongola yana ɗauko laka tun daga tsaunukan Jos, kuma kaso daga cikinta yana kwantawa a bayan madatsar ruwan Dadin Kowa.

A taho da littafin rubutu, da ruwan sha, da takalmi mai ƙwari.