Kada Sabon Layin Dogo Ya Raba Zariya Da Matsayinta Na Mahaɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Duk sanda aka kawo labarin sabon layin dogon Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, sai a lissafa Zariya cikin garuruwan da jirgi zai ɗan tsaya ya wuce. Wanda ya san tarihin wurin ba zai ji daɗin haka ba, don an yi zamanin da jirgi ke fita ta fuska huɗu daga tashar nan ta Sabon Gari.

Layin da Turawa suka taso da shi daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ya haɗu da na Legas. Fuska biyu ke nan, kudu da arewa. A 1929 aka kammala reshen da ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tiƙe a Ƙauran Namoda, shi ne ya riƙa kwaso auduga da gyaɗa da fatu daga ƙasar Katsina da Zamfara. Albarkacin tashar Sabon Gari ya cika ya batse: kamfanonin Turawa da rumbunansu, injin gurzar auduga, unguwar ma'aikatan reluwe, da baƙi daga kudu waɗanda jikokinsu yau ba su da wani gari sai Zariya. Har hedikwatar shiyyar Arewa ta hukumar jiragen ƙasa a nan aka ajiye ta.

Fuska ta huɗu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaran yanzu da yawa ba su san an taɓa yin jirgi daga Zariya kai tsaye zuwa Jos ba. Ƙaramin layi ne da aka buɗe tsakanin 1912 da 1914, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau tudun Jos har Bukuru, don ɗauko kuza. Ana ce masa layin Bauchi, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, saboda haka taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai leburori sun sauke shi daga ƙaramin tarago, su ɗauka a ka ko a kafaɗa, su loda shi a babba. Kayan da za su hau Jos su ma haka. Kuɗi na tafiya, lokaci na tafiya. Da layin gabas ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, da faɗi irin na babban layi, sai kuza ta samu hanyar zuwa Fatakwal ba saukewa ba lodawa. Ƙaramin layin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957.

To, Malam Edita, ga shi muna shirin maimaita abin. Sabon layin faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Reshen Ƙauran Namoda yana nan a tsohon faɗinsa, ciyawa ta cinye wurare da dama, ɓarayin ƙarfe kuma ba su bar shi ya huta ba. In sabon jirgi ya soma aiki ba a yi wa reshen nan tanadi ba, makomarsa ita ce ta layin Bauchi. Kada kuma a ce layin Kano zuwa Maraɗi zai maye gurbinsa. Wancan ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ina ya ga Funtuwa balle Gusau?

Mahaɗa ba ginin tasha mai gilashi da kujeru ba ce kawai. Aikinta yana can baya, inda fasinja ba ya leƙawa. Jirgin kaya ya shigo da taragu masu yawa, a kwance su, ƙaramin kan jirgi ya riƙa tura su yana ja, mai tuta na ba shi hannu, mai sauya layi na danna ƙarfensa, a ware na Gusau gefe, na Kano gefe, ka ji ƙarar haɗuwar taragu tun daga bakin kasuwa. Wannan aikin yana bukatar fili mai faɗi, da layukan ajiya, da rumbuna, da wurin gyaran kan jirgi. Filin reluwe na Zariya yana da su tun na da, in dai an hana masu gine-gine ci gaba da gutsurarsa. A Kaduna an kai sabuwar tasha Rigasa, nesa da tsohuwar mahaɗa, kowace na harkarta daban. Kada a yi wa Zariya haka.

Abin da nake roƙo shi ne a haɗa sabon layi da tsohon fili, a sa injinan ɗaga kwantena yadda kaya za su sauya tarago cikin mintoci, kafin a samu kuɗin faɗaɗa reshen kansa. An buɗe tashar tsandauri a Funtuwa, wato inda ake karɓa da tura kwantenonin jirgin ruwa a kan tudu, amma in babu jirgi, kwantenar sai dai ta ci gaba da zuwa a bayan tirela, tana farfasa titi. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun samu ikon shiga harkar layin dogo, don haka gwamnonin Kaduna da Katsina da Zamfara ba su da uzurin cewa aikin Abuja ne. Masu ilimin aikin ma ba sai an ɗauko su daga nesa ba, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya tun 1986, ga Jami'ar Ahmadu Bello.

Na san za a kawo maganar tsaro, kuma da gaskiyarsu. Harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja bai bar zukatanmu ba, hanyar Tsafe kuwa kowa ya san halin da take ciki. Sai a fara da jirgin kaya tsakanin Zariya da Funtuwa, da rana, da rakiyar jami'an tsaro, sannan a matsa gaba in hali ya yi. Ina kira ga 'yan majalisarmu na Zariya da Sabon Gari da Funtuwa su nemi Ma'aikatar Sufuri ta fito da taswirar tashar Zariya ta sabon layi, jama'a su ga ko an bar wa reshen Ƙauran Namoda ƙofar shiga.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Sabon Garin Zariya