An 'yanta kuɗin, saura zaɓen

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan 'yancin ƙananan hukumomi. Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma kada a ba kantoman riƙo ko sisi, ake ta murna. Ni ma na yi, don asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya daɗe da zama aljihun gwamnoni. Amma da sauran rina a kaba.

Kwalbatin bakin lungunmu a nan cikin birni ya toshe da leda da robar lemo. Ruwan Agusta ya shigo mana har zaure, sai da muka ɗora buhun masara kan benci, yara suna kwarfe ruwa da kwano cikin dare. Da gari ya waye muka je wajen kansilanmu, yaron da aka raɗa wa suna a gabana. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce, "Wallahi Baba ba ni da ta cewa, sai abin da aka sako daga sama." Ƙarshenta karo-karo muka yi muka sayo shebur da baro.

Ban ga laifinsa sosai ba, ya san wanda ya ɗora shi kan kujerar. A Janairun 2021 APC, jam'iyyar gwamna a lokacin, ta lashe shugabannin ƙananan hukumomin Kano 44 da kansiloli 484 kaf. A Oktoban 2024 NNPP, ita ma jam'iyyar gwamna a lokacin, ta yi haka, ko ɗaya bai tsira ba. A Kanon da ko shugaban ƙungiyar matasan unguwa ba a zaɓa sai an kai ruwa rana! Gwamna ne ke naɗa 'yan hukumar zaɓe ta jiha, saboda haka ciyaman gidan gwamnati yake kallo, ko da kuɗin kai tsaye suka shigo masa.

Ina roƙon 'yan majalisarmu na tarayya su gyara tsarin mulki, a raba gwamna da wannan zaɓe, ko INEC ce a miƙa mata. Kafin nan, kowane ciyaman ya riƙa liƙa abin da ya shigo masa duk wata a bangon sakatariya, da Hausa. Za mu je mu karanta, kafin damina ta sake zagayowa.

Naka,
Wani dattijo daga cikin birnin Kano